Fitsarin Jini a Fadamun Matamaye

Wanda ya tashi daga Kano zai je Damagaram ta hanyar Daura, dole ya ratsa Matamaye. Kazaure, Daura, sai Kwangwalam inda Najeriya ta ƙare, sai Ɗan Barto inda jandarma da 'yan duwan na Nijar ke karɓar baƙo. Daga nan naira ta zama sefa, ɗan acaɓa ya zama ɗan kabu-kabu, amma Hausar ba ta sauya ba sai ɗan karin harshe. Ƙarshen kaka ne na bi hanyar, an gama yankan gero, ga damman hatsi jingine a gonaki. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne gawo. Ko'ina ka duba gawo ne a tsakiyar gona, ya fara fitar da sabon ganye daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin kaɗe nasu. Yankin Magarya da Matamaye da Mirya ya yi suna a duniya kan wannan, domin manoma da kansu suka daina sare tohon itace suka riƙa renonsa, har ƙasar da aka ce hamada za ta cinye ta sake yin inuwa.

Ɗaurin auren 'yar kawuna ya kai ni. Kawu tsohon manjo ne, wato babban jami'in jinya, ya yi aikin likita a ƙauyukan gundumar Kance har ya yi ritaya, kuma har yau zaurensa ba ya rabuwa da masu zuwa a duba musu takardar magani. Matamaye gari ne na rake. A tasha rake, a bakin kasuwa rake, ga amalanken shanu suna shigowa da shi daga fadamu. Da na yaba zaƙinsa, sai Kawu ya ce in shirya da hantsi mu je in ga inda yake fitowa.

Fadamar tana cikin kwarin Korama, inda ruwa ke kusa da ƙasa. Tona rijiya a nan ba wuya, tapkunan damina kuma suna daɗewa ba su ƙafe ba. Ga rake, ga rogo, ga kabeji da albasa da tumatir an fara shuka na rani. Magidanta sun naɗe wando zuwa gwiwa suna cikin ruwa suna ɗiba, mata na wanki a gefe, yara kuwa sun mai da tapkin nasu, suna tsalle daga kan wani kututture suna faɗawa. Muna tsaye sai wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya fito ya tsuguna bayan wata ciyawa. Da ya tashi, abokansa suka leƙa suka fashe da dariya, ɗaya ya ce, “Shi ma ya fara!” Digon ƙarshe na fitsarin ja ne.

Kawu bai yi mamaki ba. Ya sunkuya ya ciro wani ganyen bado, ya juya bayansa ya nuna mini wasu 'yan ƙananan dodon-koɗi manne a jiki. “Ɗana, ga mai gidan,” in ji shi. Tsargiya ke nan. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar da ke jawo ciwon ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga jikin wannan dodon-koɗi ya hayayyafa, sannan ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ba. Tsutsar tana girma ta zauna a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, mace da namiji manne da juna, shekaru suna zuba ƙwai. Kowane ƙwai yana da ƙaya a gindinsa. Wasu su huda su fita da fitsari, shi ne jinin da ake gani. Wasu kuwa su maƙale a bangon mafitsara, kuma waɗannan da suka maƙale su ne matsalar da ta sa na rubuta wannan labari.

A hanyar komawa Kawu ya ba ni labarin rabon magani. A 2004 Nijar ta ƙaddamar da shirin ƙasa na yaƙi da tsargiya, da tallafin wata cibiya ta jami'ar Imperial College da ke Landan. Ma'aikatan shirin suna zuwa lakwal, wato makaranta, da sanda mai zane-zane, a tsai da yaro a jikinta, tsawonsa ya nuna yawan ƙwayoyin firazikwantal da zai sha. Idan za a auna yawan cutar a gari, ana karɓar fitsarin yara tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai ya fi fita, a tace mililita 10, a ɗora a madubin likita a ƙirga. Ƙwai 50 zuwa sama, an ce cutar ta yi nauyi. Akwai kuma ɗan tsinken takarda da ake tsomawa ya sauya launi in akwai jinin da ido ba ya gani. Maganin yana aiki, ya ce, amma yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai, ba ya hana yaro komawa tapki da la'asar. Kuma wanda ba ya cikin aji sau da yawa ba ya cikin lissafi: mai lambu, masunci, mai wanki, almajiri. Sai a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce duk garin da cutar ta kama mutum 10 cikin 100 ko fiye, a ba kowa magani tun daga ɗan shekara 2 har dattijo.

Da daddare bayan isha'i muna zaure wani dattijo ya yi sallama. Mai lambu ne, shekarunsa za su kai hamsin da wani abu, amma ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Sai da aka gama gaisuwa, aka tambayi iyali da gajiya da sanyi, sannan ya matso ya rage murya.

“Manjo, abin nan ne na yarinta ya dawo mini.”

“Tun yaushe, Malam?”

“Tun kafin azumi. Na sha ƙwayar nan ta 'yan lakwal, na sha jiƙo, bai tsaya ba. Yanzu har guda-guda yake fita, wani lokaci da wani abu fari-fari.”

Kawu ya yi shiru. Sannan ya ce masa gobe-goben nan ya je likita a rubuta masa takardar zuwa Damagaram a yi masa eko, wato hoton ciki, kada ya jira a gama cire rake. Dattijon ya ce to, irin “to” ɗin da kowa ya san ma'anarta. Da ya fita Kawu ya dube ni ya ce, “Irinsu nawa na gani. Yaro in ya yi fitsarin jini a ce ya zama namiji. Babba in ya yi, ya ce tsohuwar tsargiyarsa ce. Ranar da zai yarda ba ita ba ce, ƙari ya cika mafitsara.”

Alaƙar tsargiya da sankarar mafitsara ba sabon labari ba ne. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. A 1911 wani likitan mai suna Ferguson, shi ma a Masar, ya rubuta cewa sankarar mafitsara da yake gani a gawarwaki tana tafiya tare da ƙwan wannan tsutsa. A 1994 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa tsutsar a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, rukuni ɗaya da taba. Yadda abin yake, ƙwan da ya maƙale yana sa bangon mafitsara cikin kumburi da miki shekara da shekaru. Jiki na ta gyara, ƙwai na ta ɓatawa, ƙwayoyin cuta na samun wurin zama suna ƙara dafi, har fatar cikin mafitsara ta rikiɗe ta zama mai kauri irin ta waje. Daga wannan rikiɗa sankarar ke tashi. Likitocin Kano da suka bi bayanan asibiti suka wallafa a 2003, da na Sakkwato a 2007, duk sun sami abu ɗaya: irin wannan sankara mai tasowa daga rikiɗaɗɗiyar fata ita ta fi yawa a wurinmu. A Turai da Amurka kuwa, kusan 9 cikin 10 wata iri ce daban, wadda taba sigari da sinadaran masana'antu ke jawowa, kuma ta fi kama tsofaffi. Tamu tana kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa. Masar ta nuna cewa abin yana da mafita, domin da tsargiya ta ragu a can, irin wannan sankara ita ma ta ja baya.

To ta yaya ake tabbatar da ita? Eko yana nuna ƙari in ya yi girma. Amma hukunci na ƙarshe sai an zura siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari an leƙa cikin mafitsara, an ɗebo tsoka an kai ɗakin bincike. Wannan aikin ƙwararren likita ne a babban asibiti. Ga mutumin Matamaye, wannan na nufin Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram, ko ya tsallaka iyaka zuwa Kano ko Katsina. In kuma har an kai ga gashi, a cikin Nijar sai Yamai, kusan kilomita 900 daga Damagaram, inda cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa ta fara gashi a 2021 da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin 2021, ƙasar gaba ɗaya ba ta da na'urar. Mai lambun da zai sai da rakensa kafin ya sami kuɗin mota, ba zai yi wannan tafiya don zato ba. Yana bukatar wani ya ce masa, “Kai, naka ba irin na yara ba ne,” kuma ya faɗa da hujja.

Nan ne hirarmu da Kawu ta juya ga abin da na ɗan karanta a kai, wato neman sankara a cikin fitsari. Dabarar tsohuwa ce. A 1845 aka aika wa wani likita a Landan, Henry Bence Jones, da fitsarin wani majiyyaci mai ciwon ƙashi. Ya lura in an ɗumama shi wani abu na daskarewa, in ya tafasa ya narke. Abin da ya gani furotin ne da sankarar ɓargo ke zubarwa, kuma har yau da sunansa ake kiransa. Shekara ɗari bayan haka, a 1945, Papanicolaou, mutumin da ya ƙirƙiro gwajin bakin mahaifa, ya nuna ana iya ganin ƙwayoyin sankarar mafitsara a gurɓin fitsari. Hikimar a fili take: fitsari yana kwana a mafitsara yana wanke bangonta, duk abin da ya ɓare daga ƙari da shi zai fita.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne ba ƙwayar ake nema da ido ba, alamar da ke cikinta ake nema. Akwai NMP22, ɗan faranti kamar na gwajin ciki, a ɗiga fitsari sau huɗu a jira rabin awa, yana neman wani furotin da ƙwayoyin mafitsara ke saki in sun mutu. Akwai UroVysion, wanda Amurka ta amince da shi a 2001, yana haska ƙullin gado na 3 da 7 da 17 da wani yanki na 9, a ga ko lissafinsu ya rikice. Akwai Xpert Bladder Cancer, wanda ke auna saƙon ƙwayoyin gado guda 5 cikin kamar awa ɗaya da rabi. Da na ambaci wannan Kawu ya gyara zama, domin na'urar da ke karanta shi, GeneXpert, ita ce dai wadda ake gwajin majinar masu tarin fuka da ita a asibitocin Nijar da Najeriya tun bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Akwatin ɗaya ne, kwanson da ake sakawa ne ya bambanta.

An fi amfani da waɗannan gwaje-gwaje wajen bibiya. Sankarar mafitsara irin ta Turai tana da naci, a kankare ta ta dawo, don haka majiyyaci kan koma a zura masa bututu duk bayan wata uku a farkon lamari. Gwajin fitsari na taimakawa a rage yawan wannan wahala. Amma har yanzu babu wanda ya maye gurbin bututun gaba ɗaya.

Binciken da ya fi burge ni daga Iran ya fito. A lardin Golestan an ɗebi mutum fiye da 50,000 tsakanin 2004 da 2008 ana bin lafiyarsu, an kuma adana fitsarin wasunsu a ƙanƙara. Da shekaru suka wuce wasu suka kamu da sankarar mafitsara, sai masu binciken Liyon suka koma ga tsohon fitsarin nan suka nemi wani sauyi a DNA, a wurin da ke kunna ƙwayar gadon da ake kira TERT, wadda ke ba ƙwayar sankara damar rarrabuwa ba iyaka. Sakamakon da suka wallafa a 2020 ya nuna alamar tana nan a fitsarin kusan rabin waɗanda suka kamu, wasu tun shekara 10 kafin likita ya gano ciwon, kuma ba a same ta ba a fitsarin masu lafiya da aka gwada. Mutanen kaɗan ne, kuma rabi ba duka ba ne. Duk da haka shekara goma ba wasa ba ce.

Kawu ya saurara har na gama, sannan ya yi tambayar da ta fi duk bayanina nauyi. “To shi wannan faranti naka, in akwai jini a fitsarin fa?”

A nan gizo ke saƙa. Gwaje-gwajen furotin irin su NMP22 suna ruɗewa in akwai jini, ko ƙwayoyin cuta, ko tsakuwa, ko kumburin mafitsara, sai su nuna akwai sankara alhali babu. A garin da yara ke dariyar jan fitsari, kuma manya da yawa ke yawo da tsohon miki a mafitsara, irin wannan gwaji zai tayar da hankalin gari guda, ya tura mutane Damagaram a banza, bayan ɗan lokaci kuma kowa ya daina yarda da shi. Na DNA sun fi tsayawa kan gaskiya, amma kusan dukansu a kan sankarar mashaya taba ta Turai da Amurka aka gina su, a kanta aka gwada su. Kawo su fadamar Korama ba tare da an sake aunawa ba, kamar a ɗinka wa mutum riga ne da awon maƙwabcinsa. Ga tsada, ga bukatar wuta da sanyi. Ni dai ra'ayina, duk wanda ya zo yana tallar irin wannan gwaji a ƙasar Hausa, tambayar farko da za a yi masa ita ce: a kan masu tsargiya nawa aka gwada shi?

Abin da ya hana ni yanke ƙauna shi ne Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Cibiyar CERMES da ke Yamai asalinta don sanƙarau da tsargiya aka kafa ta. A watan Oktoba na 1996 masana suka taru a Yamai suka tsara ƙa'idar yadda ake duba ɓarnar tsargiya da eko, kuma har yau ƙa'idar da sunan birnin ake kiranta a duniya. A 2011 aka wallafa wani aiki da aka yi da fitsarin 'yan makarantar gundumar Kollo, da hannun Dakta Amadou Garba, likitan Nijar da daga baya ya koma sashen tsargiya na Hukumar Lafiya ta Duniya, da Clive Shiff na jami'ar Johns Hopkins. Sun tace fitsari ta cikin takardar tacewa, suka shanya ta bushe, suka sa a leda suka aika ɗakin bincike. A jikin busasshiyar takardar aka sami DNA na tsutsar, har a wurin yaran da madubi bai ga ƙwai a fitsarinsu ba. Ba firji, ba kwalba, ba zubewa a mota. Takarda ce da za a iya ba direban Matamaye ya kai Damagaram a aljihu. A Gana kuma, a 2013, Shiff da abokan aikinsa sun duba fitsarin manya masu tsargiya, suka ga wasu ƙwayoyin gado biyu, RASSF1A da TIMP3, suna ɗauke da alamar an toshe su a wurin waɗanda eko ya nuna mafitsararsu ta lalace sosai. Wannan bai kai a ce an sami gwajin sankara ba, amma ya nuna inda za a tona.

Idan aka haɗa waɗannan, abin da ya rage ba gagara-badau ba ne. Akwai jami'ar André Salifou a Damagaram da sashen koyon likita, akwai asibitin koyarwa na Aminu Kano, akwai cibiyar mafitsara da ƙoda ta asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, dukansu suna ganin masu wannan ciwo. Abin da mutanen Golestan suka yi, wato a karɓi fitsarin masu lambu da masunta, a adana, a bi su shekaru, shi ne zai gaya mana wace alama ce ke rarrabe tsohon miki da sabon ƙari a mafitsarar Bahaushe. Kamfanonin waje ba za su yi mana ba, don ba mu ne kasuwarsu ba.

Ranar biki, matar Kawu ta ji muna maganar ta ce ai mun manta da mata. Gaskiyarta. Tsutsar nan ba mafitsara kaɗai take zuba ƙwai ba, tana taɓa mahaifa da gaban mace, a yi ta maganin sanyi ba a san ita ba ce. Kuma a fagen sankarar bakin mahaifa, wadda ke cikin mafi kashe matan Nijar da Najeriya, ana ta gwada neman ƙwayar cutar HPV a fitsarin farko da ya fita. Matar da kunya ke hana ta kwantawa a duba ta, ba za ta ƙi miƙa ɗan kofi ba.

Da aka watse na hau motar Damagaram ta Takeita. Kafin mu tashi na tambayi Kawu labarin mai lambun nan. Ya ce ya aiko ɗansa ya ce sai an gama cire rake.

Gwajin da zai faɗa wa irinsa gaskiya daga kofin fitsari bai iso Matamaye ba tukuna, bai iso Daura ko Kazaure ba. Kafin ya iso, ga abin da Kawu ya ce in isar: yaron da ke fitsarin jini a kai shi a ba shi firazikwantal, ba balaga ba ce. Babban da ya haura shekara 40 ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko ba zafi, musamman in ya sha maganin tsargiya bai tsaya ba, ya nemi a yi masa hoton mafitsara a cikin watan nan, kada ya jira kaka ta wuce.